Ɗakin Albasa

Ke mai karatu, ko uwa ce ke ko 'ya, ki ajiye abin da ke hannunki ki karanta wannan da hankalinki a jikinki. Ban tattara waɗannan wasiƙu don a tausaya mini ba, kuma ba na neman kowa ya zo mini jaje. Na tattara su ne don kada wata ta yi gangancin da muka yi, ni da 'yata.

Sunana Halimatu Sa'adiyya, matar Malam Isiyaku manomin rani a Kura. Sana'ata turara shinkafa. Yarinyar 'yar farina ce, don haka kamar yadda na taras ana yi, ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa zama hira da ita ba. Tun yaye ƙanwar babanta, Gwaggo Turai, ta ɗauke ta. 'Yar Gwaggo nake ce mata, ita kuma ta ce mini Yaya. Duk wata magana mai nauyi da ke tsakaninmu ta bakin Gwaggo take bi. Mijinta Abdulsamad, ɗan Bunkure, ya samu aikin binciken irin tumatir a ƙasar Holan ya tafi da ita, ba a daɗe ba Gwaggo ta rasu. In yarinyar ta bugo waya sai in miƙa wa ƙanwarta Aziza. Abin da ya rage mana shi ne takarda: ta rubuta da biro ta ɗauki hoto ta turo, ni ma in yi haka.

Na yi sakandare, ina karanta Hausa da Turanci. Ki karanta wasiƙarta ta biyu a hankali, ki ga inda karatun nawa ya tsaya.

*

Wageningen, watan Afrilu

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Ya gwiwar Baba? Aziza ta ce har yanzu da sanda yake zuwa gona, a ce masa ya rage tsayuwa cikin ruwa. Ya aikin shinkafa? Mu nan lafiya lau, sanyi ya fara sakinmu.

Yaya, da Baba zai ga ƙasar nan da ba zai yarda ya koma ba. Ko'ina ruwa a kanal, a miƙe kamar an ja shi da igiya, ga ƙofofin ruwa irin namu amma ba wanda ke kwana yana gadin nasa. Na ce wa Abdulsamad to ga ƙasar da babu 'yan Bunkure masu tare wa mutane ruwa. Ya ce ai shi ya sa babu 'yan Kura masu kai ƙara.

Ranar Asabar ba ya aiki, sai mu hau jirgin ƙasa mu leƙa garuruwan kusa. Ya ce zaman ɗaki ni kaɗai zai sa in fara hira da tukwane. Mun je Utrecht, kanal ne ya ratsa tsakiyar birnin, mutane na zaune a bakinsa suna shan shayi. A kasuwarsu warin kifi da cuku ya juya mini kai, sai da na zauna a kan dakali, wata tsohuwa ta ba ni ruwa. Mun je Arnhem mun ga babban kogi. Amma wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Almere. Wai wurin duk teku ne a da, suka datse shi, suka zuƙe ruwan, suka gina gari a kai. Na tsaya a kan titi ina ta kallon ƙasa, ina cewa nan fa da kifi ne ke wucewa. A hanya mun ga gonakin fure, ja da rawaya, kamar an shanya atamfa. Fure kawai suke nomawa, ba a ci. A gaya wa Baba wannan, na san abin da zai ce.

In an samu mai zuwa, a aiko mini da tsamiya. Kwanan nan ita kaɗai nake sha'awa.

A gaishe da kowa da kowa.

'Yar Gwaggo

*

Kura, watan Mayu

Wa alaikumus salam.

Muna lafiya. Gwiwar babanku da sauƙi. An kwashe albasa, an zuba ta a ɗaki ana jiran ta yi daraja. Ya maigidanki da aikinsa? A gaishe shi.

Na karanta takardarki. Tun daga farko har ƙarshe ban ga inda kika ce kin buɗe Alƙur'ani ba, ban ga inda kika ambaci abin da kika dafa wa mijinki ba. Sunayen garuruwa kawai na gani. Kuma ba takardar kaɗai ba. Hotunan da kike sawa a waya duk garin nan sun gani. A gidan suna wata ta miƙo mini wayarta, ke ce a kan gada da doguwar rigar sanyi kina dariya har ana ganin haƙoranki. Ta ce mini, "Maman Aziza, 'yarku fa ta waye." Kin san abin da take nufi, ni ma na sani.

Aure aka kai ki, ba buɗe ido ba. Shekara huɗu ke nan da ɗaura shi, kuma kin san abin da dangin miji ke fara ƙirgawa in shekaru suka yi haka. Macen da ke cikin wannan hali addu'a ta kamace ta da kama kai, ba hawa jirgi daga wannan gari zuwa wancan ba. In shi ne ke jan ki, ke ce za ki ce masa a zauna. Gwaggonku ba ta yi miki wannan tarbiyya ba.

Babanku ya ce ƙasar da ake noma abin da ba a ci, Allah ya shirye su. Ya kuma ce a tambayi mijinki da wane irin inji suka zuƙe tekun.

Tsamiya za a duba.

Halimatu

*

Wageningen, watan Yuni

Assalamu alaikum Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fata damina ta sauka lafiya, an fara dashen shinkafa. Allah ya ƙara wa Baba sauƙi. Na ji faɗan da kika yi mini, na kuma cire hotunan. Allah ya huci zuciyarki.

Ba ma zuwa ko'ina yanzu sai Arnhem, can ma ba yawo ba ne, akwai wata likita da Abdulsamad ke kai ni wurinta duk wata. Na daina hawa keke, ita ta hana ni. Zoben da Gwaggo ta ba ni ya matse mini yatsa, na cire na sa a zare na rataya a wuya. Ɗinkunan da na zo da su ma duk sun ƙi ni, dogayen riguna nake sawa.

Yaya, akwai maganar da da Gwaggo na nan ita zan gaya wa, ita ta san yadda za ta kawo miki. Na ɗauki biro na ajiye ya fi a ƙirga. To ga abin da zan iya rubutawa. Ina so in zo gida kafin watan Agusta ya fita, don in ya wuce an ce masu jirgi ba za su ɗauke ni ba. Ba kwana biyu zan yi ba, zan daɗe. Abdulsamad ya yarda, shi ba zai samu zuwa ba sai daga baya.

Ɗakin nan na kusa da rijiya, wanda matar Kawu ta zauna a ciki shekarar da aka yi ta hura wuta safe da yamma, yana nan babu kowa? Itacen darbejiyar bayan gida ba a sare shi ba ko? In za a aiko da tsamiyar a bari kawai, na zo na sha a nan. Amma a nemi kanwa mai kyau a ajiye.

Ina jiran amsarki, da ita za mu sayi tikiti.

'Yar Gwaggo

*

Kura, watan Yuli

Wa alaikumus salam.

Muna lafiya. An gama dashe, babanku na fama da masu taki. A gaishe da maigidanki.

Na ga abin da kika rubuta. Wato na yi miki faɗan yawo, shi ne za ki tattaro kayanki ki taho ke kaɗai ki daɗe. Ni ba yarinya ba ce. Mace ba ta barin miji a ƙasar da ba shi da kowa ta ce za ta zo gida ta daɗe sai in akwai abin da ya haɗa su. Maganar da kika ce sai Gwaggo za ki iya gaya wa, na gane ta, kuma ba na son jin ta. Kowace mace da kika gani a ɗakinta haƙuri take yi. Ni ma shi na yi.

In ƙiba ce ta sa kaya suka ƙi ki, cin abincinsu ne da rashin aiki. In kuma ciwo ne, likitocin can sun fi na nan, ki zauna ki sha magani.

Ɗakin da kike tambaya albasa ce a ciki, kuma ba za a taɓa ta ba sai ta yi kuɗi. Gidan nan ba shi da ɗakin 'yar da ta baro mijinta. Ranar da ya samu hutu ya riƙo hannunki ku zo tare, a yi muku shimfiɗa a gidansu a Bunkure, ki zo mana yini kamar kowace matar aure. Kafin nan kada a sayi tikitin komai da sunan zuwa wurina.

Na gama magana.

Halimatu

*

Kura, ƙarshen Agusta

Assalamu alaikum.

Muna lafiya, shinkafa ta fara ɗaukar ciki. Ruwa ya yi yawa bana, ya ci gonar Malam Jaji ta bakin kanal, tamu Allah ya tsare.

Ban ga amsarki ba. In fushi kike yi, to ki sani ba a fushi da uwa a ga daidai. Aziza ta ce in ta kira ki gaisuwa kawai kike yi ki ce kin gaji. Gajiyar me, ke da ba kya surfe ba kya ɗebo ruwa?

Babanku ya sake tambayar maganar injin.

Halimatu

*

Kura, watan Oktoba

Assalamu alaikum.

Yau da hantsi ina tsaye a kan tukunya sai ga mata uku daga Bunkure, da Hajiyar Abdulsamad a gaba. Na ɗauka wucewa suke yi. Na shimfiɗa musu tabarma. Hajiya ta ce, "Ya muka ji da haƙuri?" Na ce haƙurin me? Suka dubi juna.

A bakin surukai na ji cewa kin haihu. A bakinsu na ji cewa namiji ne, ya zo bai isa ba, ya yini ɗaya ya koma. A gabansu na tambaya, da ma ciki gare ta? Hajiya ta sa gefen mayafi ta rufe baki. Ta ce ita tun kafin azumi ya fita ɗanta ya sanar da ita, ta ɗauka na fi ta sani. Ta ce har ta riƙe ni a zuciya, don an gaya mata ni na hana a kawo ki wanka, ta rasa me kika yi mini.

Bayan sun tafi na ɗauko wayar na sake karanta takardarki ta watan Yuni. Likita duk wata. Zobe. Darbejiya. Kanwa. Ɗakin da aka hura wa matar Kawu wutar jego. Yarinyar da ba ta gama firamare ba za ta gane wannan. Shinkafar da ke kan wuta ta ƙone, Aziza ce ta sauke.

Amma ke ma ki ji. Kalma ɗaya ce. Kin iya rubuta sunan garuruwan da harshe ba ya iya faɗa, kika kasa rubuta mini wannan? Da na mayar miki da amsar banza, me ya hana ki sake rubutowa ki ce Yaya ba ki gane ba? Kika yi shiru kika bar ni ina yi miki faɗan surfe.

Babanku ya ji. Ya tafi gona bai ɗauki sandarsa ba.

Ki rubuto. Ya jikinki?

Halimatu

*

Wageningen, watan Nuwamba

Assalamu alaikum Yaya,

Na gode da gaisuwa. Jiki da sauƙi, ɗinkin ya warke. Ina fata an yi girbi lafiya. Wannan ne karo na farko da kika tambaye ni jikina a takarda, na daɗe ina kallon layin.

Kin tambaya me ya hana ni sake rubutowa. Na rubuta. Na rubuta kalmar ƙarara, na ɗauki hoton, sai na tuna kin ce kin gama magana, na tuna ko sunana ban taɓa ji a bakinki ba, na goge. Abdulsamad ya ce bari ya kira Baba, na ce in ya yi haka da wane ido zai sake kallonsa. Laifina ne wannan, na karɓa. Na ce a raina in na haihu ai hoton jariri ba ya buƙatar bayani.

Ba na so ki ɗora wa kanki abin da ba naki ba. Ban ce da na zo gida da ya rayu ba. Jinina ne ya hau, suka ce sai an cire shi, kuma sun yi iya ƙoƙarinsu, ma'aikatan har kuka suka taya ni. Kwanansa ne ya ƙare. An ba ni shi na riƙe. Yana da dogayen yatsu. Babansa ya yi masa huɗuba da sunan Baba, don haka ni ma ba zan iya kiran sunan ba.

Abin da ya tsaya mini ba mutuwar ba ce kaɗai. Da aka sallame ni muka dawo gida, Abdulsamad ya rasa abin da ake yi wa mace. Ya kira Hajiyarsa ta yi masa bayani, ya dafa ruwa a butar shayi, ya juye a bokiti, ya sake dafawa, kafin ta uku ta tafasa ta farko ta huce. Babu ganye. Ya tsaya a ƙofar banɗaki yana tambayata ko ya isa. Nono ya zo, ba mai sha, ba kuma wadda zan tambaya yadda ake yi da shi. Wata maƙwabciyarmu 'yar Maroko ta kawo mini miya sau biyu, Allah ya saka mata. Ina sha ina tuna babbar tukunyarki ta shinkafa, wadda na ga an dafa wa matar Kawu ruwa a ciki. Tun ina yarinya na ɗauka wata rana za a ɗora mini ita.

A Almere aka binne shi, akwai maƙabartar Musulmi a can. Garin nan da na ba ku labari, wanda da teku ne. Ranar da na tsaya ina dariya ina cewa kifi ne ke wucewa a nan, yana cikina.

Har yanzu muna hawa jirgin ƙasa ranar Asabar. Gari ɗaya muke zuwa. Ba na ɗaukar hoto.

A gaya wa Baba, Abdulsamad ya ce ba inji ɗaya ba ne, manyan famfuna ne da yawa, kuma har yau ba su daina aiki ba, in suka tsaya ruwan zai dawo.

'Yar Gwaggo

*

Kura, watan Nuwamba

Wa alaikumus salam, Ummul-Khairi.

Ga shi na rubuta. Ni na zaɓa miki shi, babanku ya so a sa sunan kakarsa, na aika Gwaggo ta gaya masa wanda nake so. Ba ki san wannan ba, don ban taɓa faɗa ba.

Muna lafiya. An yi girbi. Babanku ya ji amsar injin, ya ce to Allah ya sa kada famfunan su tsaya, tunda akwai namu a wurin. Daga nan ya tashi ya fita.

Na sa an kwashe albasar. Dillalin ya ce in ƙara haƙuri wata ɗaya za ta ninka, na ce ya kwashe ta yau. An share ɗakin, an yi masa shafe, an bar ƙofa a buɗe, amma warin bai fita ba tukuna. Kanwar na saya. Darbejiya na nan.

Na san arba'in ta wuce, na san ba a wankan jego a wannan lokaci. Ban damu da abin da za a ce ba. Ki zo in ɗora tukunyar. Kuma ki daina yawan kuka a kan kabari, ba kyau, addu'a ake yi. Ki ci abinci. Ki riƙe mijinki da kyau, namijin da ya tsaya dafa ruwa a butar shayi ba a samunsa ko'ina.

Yaushe za a sayi tikitin?

Mahaifiyarki

*

Wageningen, watan Disamba

Assalamu alaikum,

Ina gaisuwa, ina gaida Baba da Aziza. Muna lafiya, sanyi ya dawo.

Na karanta sunana da rubutunki. Na rasa da me zan buɗe wannan takarda, Yaya ta yi mini kaɗan, ɗayan kuma bakina bai saba ba. Ki ba ni lokaci.

Ba zan iya zuwa yanzu ba. Ba fushi ba ne, wallahi. Ƙanƙara ta fara zuba, kuma yaron nan ba shi da kowa a ƙasar nan sai mu biyu. Na san ba ya jin sanyi, na san abin da malamai suka ce. Amma in na hau jirgi na bar shi a ƙarƙashin wannan farin abu, ban san abin da zai same ni ba. Wataƙila in fure ya fito. Wataƙila in aikin Abdulsamad ya ƙare, ko da yake ranar ma ban san yadda za mu yi ba.

In an kwashe sabuwar albasa a zuba ta a ɗakin, kada a yi asara saboda ni.

Ummul-Khairi

*

Iyakar wasiƙun ke nan. Fure ya fito a can, ya bushe, ba ta zo ba. Muna magana a waya yanzu ranar Juma'a, gajeriya, ita tana lalube ni ma ina lalube.

Ranar da takardarta ta ƙarshe ta zo na tara gidan, har da babansu da matan ƙannensa, na gaya musu abin da zan gaya miki. Kunya tarbiyya ce, ban ce a yar da ita ba, kuma yarinyar da ta ɗaga mini murya za ta gane kurenta. Amma daga yau, duk 'yar gidan nan da ta yi aure, ta fari ce ko auta, a bayan katanga take ko a bayan teku, ranar da ta san tana da ciki ni za ta fara gaya wa, da bakinta, da kalmar da kowa ya sani. Ba aike, ba zagaye-zagaye. Ni kuma duk wadda ta ce za ta zo gida, sai na tambaye ta dalili kafin in ba ta amsa.

Ɗakin kusa da rijiya kuwa, ko albasa za ta ruɓe a tsakar gida, ba a ƙara zuba komai a cikinsa. Na Ummul-Khairi ne. Ana share shi duk safiya.